Kwamfutar da ka haɗa da hannunka: yaushe za ka ƙara mata kaya, yaushe za ka sallame ta?

A shekarar 2017 na haɗa kwamfutata ta farko, da sukundireba ɗaya a hannu da tsoro fal ciki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 1600, madabod, wato babban allon da ake soka komai a kai, mai cif ɗin B350, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, giga 8, katin hoto GTX 1060 mai giga 6, had-disk mai tera 1, sai akwatin wuta, wanda masu harkar ke ce wa fawa sufulai, da na ɗauka don kawai ya fi sauran araha. Yau in ka shigo ɗakin aikina, baƙin kes ɗin nan za ka tarar ƙarƙashin tebur, har da kartar da na yi masa ranar farko. Amma in ka kwance murfin gefe ka leƙa, cikin kayan 2017 babu abin da ya saura sai fanka ɗaya da kes ɗin kansa. Ana yawan tambayata ko har yanzu tsohuwar ce nake fama da ita. Ni kaina amsar kan ba ni wuya.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne kwamfutar tebur ba ta tsufa baki ɗaya. Kowane ɓangare da nasa saurin tsufan. Kes na iya yin shekara goma sha ba ruwansa, domin tsarin ATX da ake bi wajen girman madabod da ramukan sukuru tun 1995 Intel ta fito da shi, kuma har yau a kansa ake. Katin hoto kuwa shekara huɗu ko biyar ka ji ya fara haki. Saboda haka duk lokacin da zan sayi wani abu, tambaya ɗaya nake yi wa kaina: wannan kayan zai bi ni zuwa kwamfuta ta gaba, ko da wannan madabod ɗin za a binne shi? Akwatin wuta, SSD (ma'ajiyar fayiloli da ta fi had-disk sauri), katin hoto, kes, fankoki da monita duk masu bin mutum ne, a kansu ba na ƙyashin kuɗi. Furosesa da RAM kuwa ƙaddararsu ɗaure take da madabod. Su ukun nan tare suke tafiya, kuma ranar da ka ga dole ka canza su ukun, ranar ce ake cewa ka yi sabuwar kwamfuta, ko da kes ɗin bai motsa daga inda yake ba.

Kafin ka taɓa aljihu

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, sai ya ruga ya sayi abin da ya ji ana yabo. Nauyi ba cuta ɗaya ba ce. Ka fara gano wane ɓangare ne ke riƙe sauran.

In Windows kake amfani da ita, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance. Bar shi a buɗe a gefe, sannan ka yi ainihin aikin da ke ba ka haushi, ko tace bidiyo ne, ko wasan gem, ko buɗe shafuka arba'in a burauza. Kallon lambobin lokacin da kwamfuta ke zaune ba ta komai ɓata lokaci ne. Idan disk ya manne a kashi 100 alhali furosesa na hutawa, had-disk ɗinka ne matsalar. Idan RAM ya cika kusan baki, sai Windows ta koma ajiye rarar a kan disk, daga nan komai ya fara jan ƙafa. Idan wasa kake yi ka ga katin hoto a kashi 98 ko 99, wannan ba laifi ba ne, aikinsa yake yi iya ƙarfinsa, kuma shi ne iyakarka. Inda ake ruɗewa shi ne furosesa. Za ka ga an rubuta kashi 35, ka ce ai da sauran ƙarfi, alhali cikin ƙwayoyinsa shida, wato sassan da ke raba aikin a tsakaninsu, ɗaya ce ta cika maƙil, kuma ita wasan ke jira. Danna hoton jadawalin da maɓallin dama na maus ka sauya shi ya nuna kowace ƙwaya daban, nan gaskiya za ta fito.

Akwai gwaji mai sauƙi da na fi yarda da shi ga masu gem. Rage girman hoton wasan sosai, misali daga 1080p zuwa 720p. In saurin ya tashi, katin hoto ne ke riƙe ka. In bai motsa ba, furosesa ne, kuma ko kati mafi tsada a duniya ka sa, kuɗinka kawai za ka ƙona.

Sannan ka duba zafi. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin kowane ɓangare. Furosesa in ya kusa digiri 90 ko 95, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Na taɓa kusa sayen sabon furosesa, ashe ƙura ce ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, man da ake shafawa tsakanin furosesa da masanyayinsa kuma ya bushe ya zama kamar alli. Na hure ƙurar, na goge tsohon man da barasar goge kayan lantarki, na ɗiga sabo ɗigo ɗaya a tsakiya. Kwamfutar ta dawo hayyacinta a ranar, ban sayi komai ba sai ɗan bututun man.

Abubuwan da na canza, da yadda za ka yi naka

Na farko SSD ne, a 2018, kuma har yau ban taɓa yin canjin da na ji a jikina kamarsa ba. Had-disk faifai ne mai juyawa, da hannu mai yawo a kansa yana neman bayanai. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai amfani da wayar SATA yana kai mega 550 a daƙiƙa, had-disk kuwa tsakanin 100 da 200 yake, amma babban bambancin yana wajen tsintar ƙananan fayiloli da ke warwatse, wanda shi ne aikin da Windows ke yi duk yini. Idan har yanzu daga had-disk kwamfutarka ke tashi, ka ajiye duk sauran maganar nan ka fara da wannan. Duba ko madabod ɗinka na da gurbin M.2 mai karɓar NVMe, wato SSD ɗin da ake sokawa kai tsaye a madabod ba tare da waya ba. In yana da shi, irin wannan za ka saya, domin a kan zamani na 3.0 na PCIe, hanyar da bayanai ke bi a madabod, yana kai mega 3,500, a kan 4.0 kusan 7,000. Sai dai kada ka sa rai tsallen daga SATA zuwa NVMe zai girgiza ka kamar na daga had-disk zuwa SATA. Wajen kwafe manyan fayilolin bidiyo ake ganinsa, wajen buɗe burauza da kyar za ka lura. Ka kuma karanta littafin madabod, don a wasu, da zarar ka cika gurbin M.2 sai ramin SATA ɗaya ko biyu su daina aiki, ka zauna kana neman disk ɗin da ya ɓace. Ni na fi son in saka Windows sabuwa fil a kan SSD maimakon in kwafe tsohuwar da duk tarkacenta, tsohon had-disk kuma ya zama ma'ajiyar hotuna.

RAM ya biyo baya a 2019, kuma nan na yi gyaran gangar auzinawa. Ina da sanda ɗaya mai giga 8, sai na sayi wata mai giga 8 ta wani kamfani daban, na ce ai DDR4 duk DDR4 ce. Kwamfuta ta tashi lafiya, ta nuna giga 16, na yi murna. Bayan kwana biyu ta fara mutuwa a tsakiyar aiki da shuɗin sikirin. Mako guda ina zargin Windows, kafin na kunna MemTest86, manhajar gwada RAM, daga filas na bar shi ya kwana yana gwaji, da safe na tarar da jan rubutu. Sandunan biyu ba su jitu ba a saurin da na sa musu. Daga ƙarshe na sayar da su na sayi biyu da aka haɗo a kwali ɗaya. Haka za ka yi: sanda biyu iri ɗaya, daga kwali ɗaya. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake cikawa don su yi aiki ta hanya biyu lokaci guda, amma littafin zai tabbatar maka. Bayan ka saka, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM gudu a saurin da aka rubuta masa, wanda wasu madabod ke kira DOCP, a sabon tsarin AMD kuma EXPO. In ba ka kunna ba, sandar da aka rubuta wa 3200 za ta zauna tana gudu a 2133 ko 2400, kai kuma ba ka sani ba. Kuma kada ka yi tunanin tura DDR5 a gurbin DDR4. Duk su biyun haƙora 288 gare su, amma tsagar tsakiya ba wuri ɗaya take ba, da gangan aka yi haka.

Yanzu kuma akwatin wuta, wanda ba wanda ke ɗokin sayensa don ba ya ƙara saurin komai. Nawa na araha ya yi shekara huɗu, sai ya fara kashe kwamfutar ɗif duk lokacin da katin hoto ya ɗauki nauyi. Ba shuɗin sikirin, ba gargaɗi, kawai duhu kamar an zare fulogi. Wannan alamar in ka gan ta, shi za ka fara zargi. Na yi sa'a bai tafi da kowa ba, don lalataccen akwatin wuta na iya jan madabod da disk su mutu tare. Na maye gurbinsa da mai wat 750 da garantin shekara goma, duk da cewa a lokacin ko rabin haka kwamfutar ba ta ci, saboda na san zai bi ni gaba. Tsawon garanti ya fi gaya mini gaskiyar ingancin akwati fiye da tambarin 80 Plus, domin wannan tambarin ƙarancin asarar wuta kawai yake aunawa. Gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe da kyau: idan akwatin mai wayoyin cirewa ne, kada ka taɓa amfani da wayoyin tsoho a jikin sabo, ko da bakinsu ya shiga daidai. Jerin wayoyin a ɓangaren akwati ba iri ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wani lokaci ma tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Mutum yakan yi ƙyuyar zare tsofaffin wayoyi, ya tura wa SSD bolt 12 inda ya kamata 5 ya shiga. Kuma kada ka buɗe cikin akwatin wuta da sunan gyara, yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga bango.

Katin hoto shi ne mafi sauƙin canzawa, kuma mafi cin kuɗi. Ramin PCIe yana karɓar sabo da tsoho, don haka katin zamanin 4.0 zai yi aiki a madabod na 3.0. Da na sa RTX 3060 mai giga 12 a kan B350 ɗina ban ga wata asara da ido zai kama ba, domin katin na amfani da layuka 16 cif. Inda za ka yi hattara shi ne katunan da aka rage wa layuka. RX 6500 XT layi 4 kawai gare shi da giga 4, a kan tsohon ramin 3.0 yakan shaƙe. Kafin ka saya, auna tsawon kes ɗinka da abin awo, don katunan yanzu dogaye ne masu kauri. Duba wat ɗin da yake ci: GTX 1060 wat 120 ne, RTX 3060 170, RTX 4090 kuwa 450, kuma da sabon bakin waya mai fil, wato siraran ƙafafun ƙarfe, guda 16 yake zuwa, wanda dole ka tura shi har ƙarshe ka ji ya kama. Idan daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka, share tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da manhajar DDU tukuna. Sai wani abin dariya da ke faruwa da kowa sau ɗaya: ka tabbata wayar monita a jikin katin ka soka ta, ba a jikin madabod ba.

Furosesa, inda lissafin yake

Nan ne ake rabuwa tsakanin wanda zai ci gaba da ƙari da wanda ya isa bango, kuma soket, wato mazaunin furosesa a jikin madabod, shi ne ke yanke hukunci. AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, Ryzen na farko suka hau shi a 2017, kuma aka ci gaba da fitar masa da furosesa har zuwa jerin 5000. A 2022 aka buɗe wa tsofaffin madabod na jerin 300, irin nawa, damar karɓar Ryzen 5000 ta hanyar sabunta BIOS. Sai na cire 1600 na sa Ryzen 5 5600. Ƙwaya shida ce duk su biyun, wat 65 duk su biyun, amma ginin cikinsu ya bambanta, ma'ajiyar kusa ta L3 ta ninka daga mega 16 zuwa 32, gudun ƙoli ya tashi daga GHz 3.6 zuwa 4.4. Madabod mai shekara biyar ya koma kamar jiya aka sayo shi. A duk abin da na kashe wa kwamfutar nan, bayan SSD, nan kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu.

Ga yadda ake yi ba tare da kuka ba. Manhajar CPU-Z za ta gaya maka ainihin sunan madabod ɗinka da lambar BIOS da ke kai. Je shafin kamfanin da ya ƙera shi, nemo jerin furosesan da yake karɓa, ka ga daga wace lambar BIOS aka fara karɓar wanda kake so. Sabunta BIOS tun tsohon furosesa na kai, domin in ka riga ka sa sabon, madabod bai san shi ba, ba zai ma tashi ba balle ka sabunta. Karanta bayanin da ke gefen kowace lamba, don wasu sai ka bi ta wata tsaka-tsakiya kafin ka kai ta ƙarshe, kuma a wasu tsofaffin madabod masu ƙaramar ma'ajiyar BIOS, sabuwar lambar na zubar da tallafin wasu tsofaffin furosesa don a sami wuri. Kada wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa. In kana da UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ranar amfaninsa ke nan. In disk ɗinka a kulle yake da BitLocker, makullin disk na Windows, dakatar da shi ko ka rubuta mabuɗin ceto a takarda kafin ka fara, don canjin BIOS ko na furosesa na iya sa ya nemi mabuɗin.

Ranar cirewa, kunna kwamfutar ta yi aiki na minti goma man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare waya daga bango, ka taɓa ƙarfen kes don sauke cajin jikinka. Murɗa masanyayin hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Ni ban yi haka ba. Na ja shi kai tsaye, sai ga furosesa ya fito manne a ƙarƙashinsa alhali soket na kulle, fil biyu sun lanƙwashe. Na yi kusan awa ɗaya da gilashin ƙara girma da bakin fensir mai tura gawayi ina miƙe su ɗaya bayan ɗaya, gumi na karyo mini. A AM4 fil ɗin a jikin furosesa suke. A soket ɗin Intel da AM5, wanda ya gaji AM4, kuwa a jikin madabod suke, sirara kamar gashi, in ka yar da wani abu a kansu madabod ɗin ne ya tafi.

Kwatanta wannan da kwamfutar ƙanena. Tasa Core i5-6500 ce a soket LGA1151, ƙwaya huɗu. Ya zo mini da murna wai zai ƙara mata ƙarfi kamar yadda na yi. Muka duba, mafi girman abin da madabod ɗinsa zai karɓa shi ne i7-7700K, shi ma ƙwaya huɗu. Furosesan ƙarni na 8 ramukansu 1151 ne su ma, amma sai da madabod na jerin 300 suke aiki. Ga kuma maganar Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021 tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro na kwamfuta, kuma jerin furosesan da take karɓa a hukumance ya fara ne daga ƙarni na 8 na Intel da Ryzen 2000 na AMD, in ban da ƴan ƙalilan. Windows 10 kuwa tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wato ko ya sayi 7700K ɗin, ya sayi ƙarshen hanya ne. Na ce masa, ƙanena, kada ka zuba wa madabod ɗin nan ko sisi. Sayi SSD da akwatin wuta mai kyau tunda za su bi ka, sauran kuɗin ka tara. Bai ji daɗi ba a ranar, amma ya bi.

A nan ka lura da wani abu: mutane da yawa na jin kwamfutarsu ba ta da TPM, alhali yana cikin furosesa, a kashe kawai yake. A BIOS na AMD sunansa fTPM, a na Intel PTT. Kunna shi kafin ka yanke wa na'urarka hukunci. Idan kuma tsohon tsarin rarraba disk, wato MBR, disk ɗinka ke kai, akwai MBR2GPT a cikin Windows da ke mayar da shi sabon tsarin GPT don ka koma UEFI, sabon salon BIOS da Windows 11 ke buƙata. Ajiye kwafin fayilolinka a wani wuri kafin ka gwada.

Yadda na san na isa bango

A 2025 aikin bidiyona ya ƙaru, na koma tace hotunan 4K, giga 16 ya daina isa, furosesa kuma yana cika dukkan ƙwayoyinsa na tsawon lokaci. Na zauna da takarda na ja layi a tsakiya. A hagu na rubuta abin da zan saya in na tsaya a AM4: furosesa mai ƙwaya takwas ko sama, DDR4 giga 32 ko 64, da babban masanyayi. A dama na rubuta furosesa na AM5, madabod B650, da DDR5 giga 32. Sai na bi jerin hagu ina tambayar kowane ɗaya ko zai bi ni gaba. Masanyayi kaɗai ya amsa. AM5, wanda ya fito a Satumban 2022, DDR5 kawai yake karɓa, haka ma LGA1851 na Intel da ya fito a 2024. Duk sandar DDR4 da zan saya, da tsohon madabod za ta ƙare. Shi kuma madabod ɗin ya kai shekara takwas, gurbin M.2 ɗaya gare shi, ramin USB ɗaya na baya ya riga ya mutu, kuma sashen da ke ba furosesa wuta ƙarami ne, ba a yi shi don ɗaukar ƙwaya goma sha biyu suna aiki awa uku ba.

Ma'aunina ke nan, kuma nawa ne, ba doka ba ce: idan kuɗin kayan da za su mutu da madabod ya kai rabin kuɗin sabbin ukun nan, ba na ƙari. Haka kuma idan ɓangarori biyu cikin ukun ne ke buƙatar canji lokaci guda, ko madabod ya fara nuna alamun tsufa, ko manhajar da nake cin abinci da ita ta daina karɓar furosesan. Amma in abu ɗaya ne ke ciwo kuma soket na da sauran hanya a gaba, sayen sabuwa almubazzaranci ne. Wanda ke kan AM4 da Ryzen 2600 yana wasan gem, ni zan ce ya nemi 5600, ko 5800X3D mai L3 mega 96 in ya samu, ya ƙara shekaru yana hutawa. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet da kallon bidiyo, SSD da giga 16 sun ishe shi, ya daina kallon tallan sabbin kaya.

Canjin kansa yini ɗaya ya ɗauke ni. Kafin ka fara, haɗa lasisin Windows ɗinka da asusun Microsoft, domin lasisin na gane kwamfuta ne ta madabod, in ka canza shi sai ta ɗauka wata na'ura ce. Lasisin da aka saya daban yana bin mutum, wanda ya zo manne da na'ura kuwa yawanci ba ya tashi. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare komai, musamman ƴan siraran nan na maɓallin kunnawa. Haɗa madabod da furosesa da RAM a kan kwalinsa ka gwada su a waje kafin ka ɗaure a kes, don in akwai matsala kada ka kwance sukuru tara a banza. Masanyayan AM4 da yawa na hawa AM5, amma ka duba naka. Kuma in ka kunna karon farko ka ga sikirin baƙi, kada hankalinka ya tashi. DDR5 na ɗaukar mintuna tana daidaita kanta a tashin farko. Ni na zauna ina kallon fanka na juyawa, zuciyata na bugawa, har na miƙa hannu zan kashe sai ga tambari ya bayyana.

Kes, akwatin wuta mai wat 750, SSD biyu, RTX 3060 da monita duk sun ƙaura tare da ni. Abu uku kawai na saya. Tsohon B350 da 5600 da sandunan giga 16 kuwa na miƙa wa ƙanena, ya ɗora su a kes ɗinsa tare da SSD da akwatin wutan da ya saya bisa shawarata, muka canza ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogon madabod, muka kunna fTPM, Windows 11 ta hau ba gardama. Tsohuwar i5-6500 ɗinsa muka nema mata ƙaramin kes da had-disk ɗina na 2017, muka sa mata Linux Mint a madadin Windows, tana can a lungu tana ajiye hotunan gida. CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, ya fara nuna wa had-disk ɗin alamar rawaya ta gargaɗi, don haka shi ne na gaba a layi, kuma na riga na kwafe abin da ke kansa zuwa wani wuri.